Kind, Sort, Type, Class da Category: Asalinsu, Ma'anoninsu da Inda Kowacce Ta Dace

Inda Bahaushe zai ce "iri" ko "nau'i" ya wuce abinsa, mai rubutu da Turanci sai ya tsaya ya zaɓa tsakanin kalmomi biyar ko fiye, wato "kind", "sort", "type", "class" da "category", ban da "genre" da "species" da ke leƙowa a wasu fagage. Ƙananan ƙamusoshin da ɗalibai suka fi riƙewa ba sa taimakawa sosai, domin idan ka duba "sort" za a ce maka "kind" ce, idan ka duba "kind" a tura ka ga "type", har ka ɗauka babu wani bambanci a tsakaninsu. A hira ta fatar baki hakan ba ya cutar da kowa. Amma ga ɗalibin da ke rubuta kundin kammala digiri, ko ma'aikacin da ke tsara takardar tambayoyi, ko mai fassara labarai, ɗaukar wadda ba ta dace ba kan sa jumla ta fita da nauyin da marubucin bai nufa ba, wani lokaci ma ta koma cin fuska. Abin da ya fi raba waɗannan kalmomi shi ne amsar tambaya guda: wane ne ya shata iyakar rukunin da ake magana a kai? Halitta ce, ko hannun mai tsincewa, ko samfurin da ake auna sauran da shi, ko hukuma mai ba da daraja, ko kuwa mai nazari da ya zauna ya tsara? Tarihin kowace kalma yana nuna amsarta, ko da yake al'adar masu harshen kan saɓa wa tarihin a wasu wurare.

Dalilin yawan kalmomin yana cikin tarihin Ingila. Ƙabilun da suka ƙetaro daga arewacin Jamus da yankin Denmark a ƙarni na 5 su ne suka kawo tushen harshen, kuma daga gare su "kind" ta fito. A shekarar 1066 Normawa masu magana da Faransanci suka ci ƙasar da yaƙi, harshensu ya zama na fada da kotu har tsawon ƙarnuka, ta wannan ƙofa kuma "sort" ta shigo. Daga baya, musamman a ƙarni na 16 da na 17, malamai suka riƙa ɗebo kalmomi daga Latin da Girkanci domin rubutun ilimi, aka samu "class" da "category". Saboda haka tun kafin a zo ga ma'ana akwai bambancin matsayi: ta farko ta gida ce, ta ƙarshe kuwa ta zauren karatu ce.

"Kind" ita ce mafi tsufa, kuma ita ce mafi kusa da "iri" na Hausa. A tsohon Turanci ana cewa "gecynd", ma'anarta ɗabi'ar da aka haifi abu da ita, ko zuriyarsa, kuma uwa ɗaya suke da "kin", wato dangi. Saiwarta ta asali tana nufin haihuwa, kuma ita ce ta ba Latin "genus", ta ba Girkanci "genos", ta ba Jamusanci "Kind" mai nufin yaro, wadda ke cikin "kindergarten", sunan da Friedrich Fröbel ya raɗa wa makarantar ƙananan yara a 1840. Hausa ma ta bi wannan tunani da kanta, domin kalmar da manomi ke kiran ƙwayar da zai shuka da ita, ita ce kalmar da ake tambayar "wane iri ne" da ita. A harsunan biyu, rukunin abu shi ne abin da ya tsiro daga gare shi.

Daga wannan tushe ma'anonin "kind" suka rarrabu. "Mankind" na nufin zuriyar ɗan Adam gaba ɗaya. Biyan bashi "in kind" na nufin biya da kaya maimakon kuɗi, kamar wanda ya ranci buhun gero ya mayar da buhun gero, wato abu da irinsa. Siffar nan "kind" da ake fassarawa da mai kirki ita ma daga nan take: da farko tana nufin abin da ya dace da ɗabi'a, sai ta koma halin da ake tsammani daga ɗan'uwa ga ɗan'uwansa, daga nan ta zama tausayi ga kowa. Ga marubuci, amfanin "kind" shi ne faɗinta da rashin tsaurinta. Ba ta yi wa mai karatu alkawarin cewa an ƙidaya ire-iren ko an iyakance su ba. Wanda ya rubuta "many kinds of fish" ya ce kifaye iri-iri ne, bai ɗora wa kansa nauyin lissafa su ba. Rauninta kuma nan yake, domin a babin da ake bayyana hanyar bincike, inda mai duba kundi ke son sanin rukuni nawa ne kuma da wane ma'auni aka raba su, "kind" kan yi sako-sako. Sannan akwai "kind of" da ake sakawa don sassauta magana, kamar "I am kind of tired", wato na ɗan gaji. Wannan ta baki ce, ba ta da gurbi a rubutun ofis.

"Sort" ta shigo Turanci a ƙarshen ƙarni na 14 daga Faransanci, asalinta kuma Latin ne, "sors", wato ƙuri'a, ko rabon da ƙuri'a ta ba mutum, ko ƙaddararsa. Daga wannan kalma aka samu "sorcerer", boka, domin asalinsa mai jefa ƙuri'a ne don duba. Tafiyar ma'anar a fili take: rabon da ya faɗo wa mutum ya zama matsayinsa, matsayin ya zama rukunin waɗanda rabonsu ya zo ɗaya. Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne ita aikatau ce mai ƙarfi. "To sort" shi ne a zube kaya a tsince su kashi-kashi, kamar yadda ma'aikacin gidan waya ke rarraba wasiƙu, ko yadda kwamfuta ke jera sunaye daga A zuwa Z. Lambar reshen banki da ake kira "sort code" daga wannan aiki ta samo suna, domin da ita ake gane inda kowane caki zai nufa. A ɗakin ɗab'i na dā kuma, kowane ƙwayar harafi na ƙarfe da ake jerawa da hannu sunansa "sort".

A matsayin suna, "sort" da "kind" suna musanya wuri a mafi yawan jumloli, sai dai mutanen Birtaniya sun fi Amurkawa son "sort", kuma tana ɗauke da ɗan ƙanshin raini a wasu gine-gine. Idan aka ce wani gini "a hospital of sorts" ne, an ce asibiti ne a suna kawai. "That sort of person" ba yabo ba ne, ko da yake "a good sort" a bakin Baturen Ingila na nufin mutumin kirki. A Najeriya akwai ƙarin dalilin yin hattara, domin a harabar jami'o'i "sorting" ta daɗe da zama sunan sayen maki da kuɗi, don haka ɗalibin da ya rubuta cewa an yi "sorting" na sakamakon jarrabawa, yana nufin an jera shi, zai iya ba mai karatu dariyar da bai shirya ba. A rubutu mai nauyi na fi ganin a bar "sort" ga aikatau, a ɗauki wata kalma a matsayin suna.

"Type" tafiyarta ta fi ta sauran nisa. Girkawa na cewa "typos" ga bugu da kuma shaidar da bugun ya bari, kamar hoton da ke fitowa a jikin tsabar kuɗi idan an buga mata hatimi. Ta shiga Turanci a ƙarshen ƙarni na 15 da ma'anar alama ko misali, musamman a rubutun addinin Kirista, inda ake ɗaukar wani mutum ko al'amari na Tsohon Alkawari a matsayin ishara ga abin da zai zo. Daga baya ta zama sunan haruffan ƙarfe na ɗab'i, daga nan aka samu "typewriter" da Hausa ta mayar tafireta. Ma'anar rukuni, wadda a yau ta fi kowacce yawa, sai a ƙarni na 19 ta kafu, lokacin da masana kimiyya ke neman kalmar da za ta nuna siffar da ta haɗa abubuwa da yawa.

Wannan tarihi bai bar kalmar ba. Duk inda aka ce "type", akwai samfuri a bayanta wanda ake auna sauran da shi, tamkar bulo da aka zuba a ma'auni guda. Shi ya sa ta fi dacewa da fasaha da likitanci. Ciwon sukari yana da "type 1" da "type 2", kuma kowanne yana da siffofin da likita zai iya tantancewa. Rukunan jini da Karl Landsteiner ya gano a 1901 Amurkawa na kiransu "blood types", Birtaniya kuma ta fi cewa "blood groups". "Genotype" da masu shirin aure a Najeriya suka sani sarai, saboda gwajin AA da AS da SS don kauce wa haihuwar mai cutar sikila, ta haɗa saiwar haihuwa da saiwar bugu a kalma guda, kuma masanin tsirrai ɗan Denmark Wilhelm Johannsen ne ya ƙirƙire ta a farkon ƙarni na 20. Masana halittu ma suna ajiye samfuri guda a gidan adana kayan tarihi, su kira shi "type specimen", ya zama shi ne madogarar sunan wannan halitta. Haka "prototype" ke nufin samfurin farko, "typical" kuma abin da ya yi daidai da samfuri. "Stereotype" asalinta farantin ƙarfe ne da maɗaba'a ke zubawa domin ta buga shafi ɗaya sau dubbai ba tare da sake jera haruffa ba, kafin ɗan jaridar Amurka Walter Lippmann ya yaɗa ta a 1922 da ma'anar yi wa jama'a kuɗin goro. A nan ya kamata a lura cewa "typhoid" ba ta cikin wannan dangi duk da kamannin rubutu, domin ita daga wata kalmar Girkanci take mai nufin hayaƙi ko gushewar hankali.

Saboda haka idan ire-iren sanannu ne, ƙididdigaggu, kuma kowanne yana da siffar da za a iya nunawa da yatsa, "type" ta fi "kind". Ire-iren ƙasar noma, ire-iren injin ban ruwa, ire-iren jumla a nahawu, duk "types" ne. Amma soyayya ko baƙin ciki ko kirki, waɗanda ba su da ma'auni, "kind" ta fi karɓarsu.

Da "class" aka shigo da abin da ukun farko ba su da shi, wato sama da ƙasa. Marubutan tarihin Rum sun danganta wa Servius Tullius, sarki na shida na birnin a ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa alaihis salam, raba 'yan ƙasa gida biyar bisa dukiyarsu, kowane gida ana kiransa "classis". A ruwayar Livy, ɗaya daga cikin marubutan, ajin farko sai mai dukiyar da ta kai 100,000 na kuɗin tagullarsu, na biyu 75,000, na uku 50,000, na huɗu 25,000, na biyar 11,000. Rabon ba na ado ba ne, domin shi ke nuna makamin da mutum zai saya wa kansa idan yaƙi ya tashi, da kuma nauyin ƙuri'arsa a majalisa. Daga cikin rukunan zaɓe 193, ajin farko da mahaya dawaki suna da 98, wato idan attajirai suka haɗa baki an gama zaɓe tun kafin a kira talaka. Waɗanda ba su kai ko aji na biyar ba ana kiransu "proletarii", domin abin da suke ba ƙasa kawai shi ne 'ya'ya, kuma wannan kalma ce Karl Marx ya farfaɗo da ita a ƙarni na 19 ga ma'aikatan masana'antu. Kalmar "classis" ɗin kuma tana nufin rundunar jiragen ruwa, tun da ainihinta jama'a ce da aka kira su fito. A ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa, marubuci Aulus Gellius ya aro siffar "classicus", ɗan ajin farko, ya liƙa wa marubutan da suka yi fice, daga nan aka samu "classic" da "classical".

Turanci ya karɓi "class" wajen shekarar 1600, kuma daga cikin ma'anoninta na farko akwai ajin ɗalibai. Ma'anar matsayin mutum a cikin al'umma ta bunƙasa ne daga ƙarshen ƙarni na 18, tare da bunƙasar masana'antu. A yau duk inda ka ji ta, nemi tsani. Jirgin sama yana da "first class" da "economy class". Digiri yana da "first class", da "second class" mai hawa biyu, da "third class". Sarakunan da muke kira masu daraja ta ɗaya, takardun gwamnati "first class" suke rubutawa. Takardar da aka ce "classified" ce, an sa ta a wani mataki na sirri ke nan. Wanda aka ce "he has class" kuwa an yaba masa da iya ɗaukar kai. Darasin da ke nan ga marubuci shi ne kada ya kira rukunan mutane "classes" idan ba fifiko yake nufi ba. Mai binciken da ya raba masu amsa tambayoyinsa zuwa manoma da 'yan kasuwa da ma'aikata, ya kira su "three classes of respondents", ya jefa kansa cikin muhawarar da ba ita ta kawo shi ba.

Akwai fage guda da "class" ke da ma'ana tsayayya wadda ba ta daraja ba. Carl Linnaeus, masanin ƙasar Suwidin, ya wallafa tsarinsa na rarraba halittu a 1735, kuma a tsarin da ake koyarwa yau "class" mataki ne a tsakiya, sama da "order" da "family" da "genus" da "species". Zaki da damisa suna "genus" ɗaya mai suna Panthera, amma kowanne "species" ɗinsa daban, sannan su biyun suna "class" ɗaya da akuya da jemage da ɗan Adam, wato masu shayarwa. A rubutun kimiyyar halittu waɗannan sunaye ba sa musanya, kuma wanda ya kira zaki "a class of animal" ya yi kuskuren ilimi, ba na salo kawai ba.

"Category" ita ce mafi ban mamaki a asali, domin a kotu aka haife ta. A Girkancin Atina "kategoria" na nufin tuhuma, daga aikatau mai nufin yin magana a kan wani a bainar jama'a, kuma a cikinta akwai "agora", dandalin da ake kasuwa da taron gari. Aristotal, wanda littattafan Larabci ke kira Arisɗo, ya rayu daga 384 zuwa 322 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ne ya ɗauke ta daga bakin masu ƙara ya ba ta aikin falsafa. Mai tuhuma yana cewa wane ɓarawo ne, wato yana jingina wa mutum wata siffa, Aristotal kuwa ya tambaya: hanyoyi nawa ne ake iya jingina wa abu magana? Ya lissafa goma. A ɗauki doki misali. Za a iya faɗin mene ne shi a zatinsa, da girmansa, da siffarsa kamar a ce fari ne, da dangantakarsa da wani kamar a ce ya fi wancan tsayi, da inda yake, da lokacin da yake can, da yanayin tsayuwarsa ko kwanciyarsa, da abin da ke jikinsa kamar sirdi, da abin da yake yi, da abin da ake yi masa. A ganinsa duk abin da za a faɗa game da dokin ba zai fita daga waɗannan goma ba.

Wannan bahasi ba baƙo ba ne a zaurukan karatu na ƙasar Hausa. An fassara littafin Aristotal zuwa Larabci a Bagadaza a zamanin Abbasiyawa, aka kira rukunan goma "maƙulat", kuma ɗaliban manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin tunani da kafa hujja, da suka karanta Sullam na Al-Akhdari ko Isaguji na Al-Abhari sun san "jinsi" da "nau'i" a matsayin matakai biyu, na sama da na ƙasa, kamar yadda dabba take jinsi, mutum kuma nau'i a ƙarƙashinta. Su ne daidai "genus" da "species" na Latin. Masana harshe da dama suna ganin ita kanta "jins" ta Larabci daga "genos" ta Girkanci aka aro ta ta hanyar Siriyanci, wanda ke nufin "jinsi" da muke faɗa kullum dangin "kind" ce ta nesa.

Turanci ya ɗauki "category" a ƙarshen ƙarni na 16 a matsayin kalmar manɗiƙi zalla, sai a ƙarni na 17 ta fara nufin rukuni kowane iri. Masana falsafa ba su sake ta ba: Immanuel Kant ya kawo nasa rukunan goma sha biyu a 1781, Gilbert Ryle kuma a 1949 ya yaɗa "category mistake", wato kuskuren sa abu a rukunin da ba nasa ba, kamar baƙon da aka zagaya da shi ɗakunan karatu da ofisoshi da ɗakin littattafai, sannan ya tambaya ina jami'ar take. A lissafi ma akwai reshe mai suna "category theory" da Samuel Eilenberg da Saunders Mac Lane suka assasa a 1945. Siffar "categorical" kuwa ta riƙe ƙarfin kotun da aka baro, shi ya sa idan kakakin gwamnati ya ce "I categorically deny", yana nufin ya musanta ɗungurungum, babu sharaɗi babu togiya.

Abin da "category" ke faɗa wa mai karatu shi ne wani ya zauna ya tsara akwatuna tun kafin a kawo kayan, kuma ana sa ran kowane abu ya faɗa akwati ɗaya tak, kada kuma wani ya rasa wurin shiga. Ita ce kalmar takardar cikewa, da gasar da aka raba gida-gida, da jadawalin kasafin kuɗi, da ma'aunin guguwar teku na Saffir da Simpson mai hawa 1 zuwa 5. Ga mai binciken da ya raba mutane bisa shekaru ko sana'a, ita ce zaɓin da ya fi aminci, domin tana shaida cewa rabon nasa ne, ya yi shi don sauƙin nazari, ba wai haka Allah ya halicci mutanen a rarrabe ba. Inda ba ta dace ba shi ne hira da rubutu mai taushi. Wanda ya tambayi baƙonsa "what category of food do you like" ya mayar da teburin cin abinci ofishin ƙididdiga.

"Genre" ba ta buƙatar dogon bayani. Faransanci ce da Turanci ya ara a ƙarshen ƙarni na 18, daga "genus" ta Latin, kuma har yau da lafazin Faransanci ake furta ta. Fagenta adabi da fim da kiɗa da zane, don haka waƙar baka da wasan kwaikwayo da ƙagaggen labari "genres" ne, amma shinkafa da taliya ba su zama ba. 'Yar'uwarta "gender" ta riga ta shiga Turanci da ƙarnuka, kuma da farko ita ma iri take nufi, kafin nahawu ya keɓe ta ga jinsin kalmomi, daga baya ta koma ga maza da mata. "Species" kuwa daga aikatau na Latin mai nufin dubawa take, wato kamannin abu, kuma a wajen kimiyyar halittu gara a ƙyale ta.

Sai dai duk wannan tarihi jagora ne kawai, domin a fagage da yawa hukuma ta riga ta zaɓa, kuma zaɓinta ake bi ko ya dace da asali ko bai dace ba. Lasin tuƙi a Najeriya da Amurka "class" ake raba shi, a Birtaniya kuwa "category". A cikin Birtaniya ɗin ma, dokar miyagun ƙwayoyi ta 1971 ta raba su "Class A" da "B" da "C", alhali fursunoni maza a Ingila ana raba su "Category A" zuwa "D", kuma duka biyun tsani ne daga mafi haɗari zuwa mafi sauƙi. Mai fassara ko ɗan jarida ba shi da ikon gyara waɗannan. Abin da ke kansa shi ne ya duba takardar hukumar da abin ya shafa ya ɗauki kalmarta yadda take. 'Yancin zaɓi yana farawa ne inda babu sunan da aka riga aka kafa.

Wuri mafi santsi shi ne magana a kan mutane, domin kusan duk kalmomin suna iya zama zagi. "Your kind" tana da dafin da "irinku" ke da shi a bakin mai fushi, kuma a ƙasashen da ke da tarihin wariyar launin fata ta fi haka muni. "I know his type" na nufin an gama yanke wa mutum hukunci tun bai buɗe baki ba, ko da yake "she is not my type" ba ta wuce cewa ba irin wadda ke burge mai maganar ba ce. "People of that class" raini ne a fili. Idan ana son a ambaci jama'a ba tare da wani nauyi ba, "group" ta fi dukkansu lafiya, "category" kuma ta biyo baya a rubutun bincike.

A ɓangaren nahawu, kuskuren da ya fi yawa shi ne haɗa jam'i da tilo. Turawa da kansu suna cewa "these kind of problems" a baki, kuma ginin ya daɗe a harshen, amma mai duba rubutu zai ja masa layi. Abin da ake karɓa shi ne "this kind of problem" ko "these kinds of problems", kuma haka dokar take ga "sort" da "type". Bayan "kind of" da "type of" ba a buƙatar "a" a rubutu mai nauyi, wato "what type of engine" ta fi "what type of an engine". "Category" da "class" kuwa suna karɓar jam'i a bayansu ba tare da matsala ba, kamar "this category of workers", domin su akwatuna ne da ake zuba abubuwa da yawa a ciki.

A ɗauki ɗalibin aikin gona da ke rubutu a kan dawa, domin a ga yadda zaɓin ke gudana a shafi guda. A gabatarwa, inda yake cewa manoman yankin suna shuka hatsi iri-iri, "kinds of grain" ta wadatar. Da ya zo bayanin ƙasa, jigawa da fadama da laka, sai ya koma "soil types", tun da kowacce tana da siffar da ake aunawa. Kaura da farfara ba "species" biyu ba ne, domin duk dawa ce, kalmarsu ita ce "varieties", wadda ita ce ta masu harkar iri. Manoman da ya yi wa tambayoyi, idan ya raba su bisa girman gona, "categories" ne, kuma wajibi ne ya faɗi kadada nawa ce iyakar kowanne. Idan ya kai ga hatsin da aka tsince aka ware mai kyau da na baya a kasuwa, aikin tsincewar "sorting" ne, matakan ingancin kuma "grades" ake ce musu a harkar amfanin gona. "Class" ba za ta shigo ba sai idan ya juya ga rarrabuwar tsirrai a kimiyyance, ko kuma yana nufin ya yi magana a kan masu gonaki da 'yan ƙwadagon da ke yi musu aiki.